Allurar kashe zafi: yadda take aiki a jiki, kuma shin tana ƙara kuzari kamar koken?

Shin allurar da likita ke yi a dasashi kafin ya cire haƙori, ko wadda ake tsira a gefen rauni kafin ɗinki, tana cikin magungunan da ke motsa ƙwaƙwalwa su ƙara wa mutum kuzari? Tambayar tana yawan tasowa, kuma masu yin ta suna da hujja. Wani an yi masa allurar sai ya ji gabansa na dukan uku-uku, hannu na rawa. Wani kuma ya duba kwalbar ya ga sunan maganin ya yi kama da koken, wato hodar iblis. Akwai ma masu fargabar cewa idan aka yi musu gwajin ƙwaya bayan cire haƙori za a ce suna shaye-shaye.

Amsar a taƙaice ita ce a'a. Aikin waɗannan magunguna rufewa ne, ba buɗewa ba. Sai dai akwai hanyoyi uku da suke sa mutum ya ga kamar sun zaburar da shi, kuma ɗaya daga cikinsu alama ce ta haɗari wadda bai kamata a yi mata kuskuren fahimta ba.

Me ake nufi da allurar kashe zafi?

Mutane kan haɗa abubuwa uku a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai allurar barci, wadda ke gusar da hankali gaba ɗaya har a gama tiyata. Akwai magungunan rage ciwo irin su farasitamol da taramol, waɗanda ake haɗiya su bi jini. Sannan akwai wadda muke magana a kanta: maganin da ake sawa a wuri ɗaya, wurin ya mutu na ɗan lokaci, mutum yana farke yana hira, ana yanka ko ana ɗinki bai ji zafi ba.

Wannan kashi na uku yana zuwa a siffofi da dama. Akwai na shafawa da na fesawa a fata ko maƙogwaro, akwai ɗigon ido, akwai wanda ake tsirawa a kewayen rauni, akwai wanda ake kaiwa kusa da babbar jijiya domin hannu ko ƙafa ta mutu baki ɗaya. Allurar baya da ake yi wa mata lokacin tiyatar haihuwa ita ma cikinsu take. Wanda aka fi amfani da shi a duniya shi ne lidoken. Sai bufibaken mai daɗewa a jiki, da rofibaken, da firiloken, da benzoken wanda galibi na shafawa ne.

Yadda zafi ke tafiya, da inda maganin ke tare shi

Ba a fata ake jin zafi ba, a ƙwaƙwalwa ake ji. Idan ƙaya ta soki ƙafa, jijiyar saƙo ce ke ɗaukar labari ta kai laka, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa. Saƙon kuwa lantarki ne. A jikin bangon kowace jijiya akwai ƙananan ƙofofi masu yawan gaske da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga ciki, sodiyam ɗin nan da ke cikin gishiri. Lokacin da jijiya ke hutawa, lantarkin cikinta yana ƙasa da na wajenta da kimanin milibolt 70 (milibolt ƙaramin ma'aunin lantarki ne). Da an taɓa ta, sai ƙofofin wurin su buɗe, sodiyam ya kwarara ciki, lantarkin wurin ya juye. Wannan juyin ne ke buɗe ƙofofin da ke gaba, su ma su buɗe na gabansu, haka dai har saƙo ya isa. A manyan jijiyoyi gudun saƙon yana kaiwa mita 100 a daƙiƙa ɗaya ko fiye, a siraran jijiyoyin da ke ɗaukar zugin ciwo kuwa bai fi mita ɗaya zuwa biyu ba.

Maganin kashe zafi yana toshe waɗannan ƙofofi ne. Idan aka toshe su a wani ɗan tsawo na jijiyar, saƙo zai taso daga rauni, ya zo nan ya tsaya. Raunin na nan, jijiyar lafiyarta ƙalau, ƙwaƙwalwa ce kawai labari bai iso mata ba.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne daga ciki maganin ke toshe ƙofar. Dole sai ya ratsa bangon jijiyar tukuna, bangon kuwa na kitse ne. A cikin jiki maganin yana rabuwa gida biyu: kashi ɗaya mai cajin lantarki, ɗaya maras caji. Maras cajin ne ke iya ratsa kitse. Idan ya shiga ciki sai ya ɗauki caji, sannan ya manne a bakin ƙofar. A lafiyayyen nama, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na lidoken ne ke cikin siffar da ke iya ratsawa, na bufibaken kuwa bai kai haka ba, shi ya sa lidoken ya fi saurin kamawa.

Daga nan ake gane dalilin wani ƙorafi da aka saba ji a ɗakin cire haƙori: "An yi mini allura har sau biyu amma ba ta kama ni ba." Inda akwai mugunya, kamar maruru ko haƙorin da gindinsa ya ruɓe, naman wurin yana yin tsami. Tsami kuwa yana mayar da mafi yawan maganin zuwa siffar da ba ta ratsa bango. Ga kuma jini da ke yawan zirga-zirga a wurin kumburi, yana kwashe maganin da wuri. Ba taurin jiki ba ne, ba kuma asiri ba. Likitan da ya san aiki sai ya tare jijiyar daga can nesa da kumburin, ko ya fara magance mugunyar.

Ji ma ba ya ɗaukewa a lokaci guda. Zafi da jin sanyi ko ɗumi su ke fara tafiya, sai jin taɓawa, sai jin danni, ƙarfin motsi ne na ƙarshe. Shi ya sa macen da aka yi wa allurar baya za ta ji ana ja ana dannawa a cikinta amma babu zafi, kuma mai cire haƙori zai ji ana girgiza muƙamuƙinsa. Rashin yi wa mutane wannan bayani tun farko ne ke sa wasu su firgita su ce allurar ta sake su.

Koken ne kakansu, daga nan ruɗanin ya samo asali

Mutanen tsaunukan Andis a Kudancin Amurka sun daɗe suna tauna ganyen koka, kusan yadda ake cin goro a ƙasar Hausa, kuma sun san yana kashe harshe. A wajajen 1860 wani masanin sinadarai Bajamushe, Albert Niemann, ya tace koken daga ganyen. A 1884 wani matashin likitan ido a birnin Biyana, Karl Koller, wanda abokin aikin shahararren masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ne, ya ɗiga shi a ido ya ga ana iya taɓa ƙwayar idon ba tare da an ji zafi ba. Daga nan aka fara tiyatar ido mutum yana farke ba tare da ya ji zafi ba. Ba a jima ba William Halsted a Amurka ya fara tsira shi kusa da jijiyoyi, ya yi ta gwaji a jikinsa har ya kamu da jarabarsa. A 1898 August Bier a Jamus ya yi allurar baya ta farko domin tiyata, shi ma da koken.

Jaraba da mace-mace ne suka sa aka shiga neman madadi. Alfred Einhorn ya haɗa furoken a farkon ƙarni na 20, aka sayar da shi da sunan Novocain. A 1943 Nils Löfgren a Suwidin ya haɗa lidoken, ya shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1940 da sunan Xylocaine. Duk an liƙa musu wutsiyar sunan kakan nasu, amma ba daga ganyen koka ake yin su ba.

Koken ayyuka biyu yake yi waɗanda ba su da alaƙa da juna. Na farko, yana toshe ƙofofin sodiyam kamar sauran. Na biyu, a ƙwaƙwalwa yana hana a kwashe wasu sinadaran saƙo, musamman dofamin da noradirenalin, bayan sun gama aikinsu. Sai su taru su yi ta bugun jijiya ta gaba. Daga nan ne jin daɗin ƙarya, da rashin barci, da hawan jini, da jaraba suke fitowa. Masu haɗa lidoken da 'yan'uwansa sun ɗauki aiki na farko ne suka bar na biyu. Saboda haka lidoken ba ya sa maye, ba ya sa jaraba, kuma ba ya juyewa a jiki ya zama sinadarin da gwajin fitsari ke nema domin gano mai shan koken.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi. Likitoci suna ba da lidoken ta jijiyar jini, a ma'auni, domin kwantar da zuciyar da bugunta ya rikice. Abin da ke zaburarwa ba za a ɗauko shi a wannan hali ba.

Har yanzu ana amfani da koken ɗin kansa a wasu ƙasashe wajen tiyatar hanci, saboda yana kashe wuri kuma yana matse jijiyoyin jini a lokaci guda, amma a ƙarƙashin tsauraran dokoki. Dillalan hodar iblis kuma sukan gauraya ta da lidoken ko benzoken, domin mai saye ya ɗanɗana ya ji dasashinsa ya mutu ya zaci mai kyau ce. Wannan ma ya ƙara ɓata wa magungunan suna.

Bugun zuciyar da ake ji a kujerar likitan haƙori

Yawancin waɗannan magunguna suna buɗe jijiyoyin jini, abin da ke sa jini ya kwashe su da sauri. Domin hana haka ake haɗa su da ɗan adirenalin, sinadarin da jiki ke fitarwa idan mutum ya firgita, wanda ke matse jijiyoyin jinin wurin. Amfaninsa uku ne: maganin ya daɗe, zubar jini ta ragu, kuma abin da ke shiga jini a lokaci guda ya yi kaɗan. Lidoken shi kaɗai yakan yi awa ɗaya zuwa biyu, da adirenalin kuwa yakan kusa ninka haka. Bufibaken yakan kai awa huɗu zuwa takwas.

'Yar kwalbar da likitan haƙori ke sawa a sirinji takan ɗauki mililita 1.8, da miligiram 36 na lidoken da kimanin maikirogiram 18 na adirenalin. Kaɗan ne, amma baki wuri ne mai yawan jijiyoyin jini. Idan wani abu daga ciki ya shiga jini, sai gaba ya faɗi, zuciya ta yi sauri, hannu ya yi rawa, gumi ya karyo. Wannan zaburarwa ce ta gaske, sai dai ta adirenalin ce, ba ta maganin kashe zafin ba, kuma cikin 'yan mintoci take wucewa. A kan wannan sai a ƙara tsoro, domin jikin mai tsoron allura yana fitar da nasa adirenalin tun kafin a taɓa shi. Wasu ma suma suke yi, musamman idan sun zo da yunwa.

Da yawa daga cikin masu cewa allurar haƙori ba ta karɓe su ba, wannan ne ya same su. Ainihin rashin jituwar jini da lidoken, mai zuwa da borin jini da kumburin fuska da toshewar numfashi, ba kasafai ake samunsa ba. An fi ganinsa a tsofaffin magunguna irin su furoken da benzoken. Duk da haka, mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu, ya faɗa wa likita tun kafin a fara, domin a rage adirenalin ko a bar shi.

Zaburar da ke nuna guba

A nan ne kuskuren fahimta ke iya kashe mutum. Ƙofofin sodiyam ba a jijiyar haƙori kaɗai suke ba, suna cike a ƙwaƙwalwa da zuciya. Idan maganin ya yi yawa a jini, ko don an wuce ma'auni, ko don allurar ta faɗa cikin jijiyar jini, can ma zai je ya toshe.

A ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyi masu zuga aiki, akwai masu tsawatarwa. Masu tsawatarwar ne suka fi saurin kamuwa. Idan suka yi shiru, sai masu zugar su samu sake, kamar dokin da aka zare wa linzami. Ba a ƙara wa dokin ƙarfi ba, abin riƙe shi ne aka cire. Shi ya sa alamomin farko suke kama da na abin da ya zaburar da mutum: leɓe da harshe su mutu alhali ba nan aka yi allurar ba, ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunne ya riƙa ƙara, jiri ya ɗebe shi, ya shiga surutu ko ya rikice, naman fuska ya fara motsi da kansa, daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya. Idan maganin ya ci gaba da hauhawa, masu zugar su ma sai su mutu: mutum ya fita hayyacinsa, numfashi ya tsaya, bugun zuciya ya rikice ko ya ɗauke.

Ba kullum abin ke bin wannan tsari ba. Da bufibaken zuciya na iya tsayawa ba tare da wani gargaɗi ba, domin yana manne wa ƙofofin zuciya ya ƙi saki da wuri. Rahotannin mutuwar mata masu haihuwa ne suka sa hukumar magunguna ta Amurka ta hana amfani da bufibaken mai ƙarfin kashi 0.75 cikin ɗari wajen haihuwa a 1983.

Idan alamomin suka bayyana, matakin farko shi ne a daina allurar nan take, a nemi taimako, a ba da iskar oksijin, a tsayar da jijjiga da magani irin diyazifam ko midazolam. Sannan akwai ruwan kitse mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari da ake ɗurawa ta jijiya, wanda ke jan maganin daga zuciya da ƙwaƙwalwa: mililita 1.5 a kowane kilo da farko, sannan a ci gaba da ɗurawa a hankali. Guy Weinberg ne ya nuna amfaninsa a jikin ɓeraye a 1998, aka fara ba da rahoton ceto ɗan Adam da shi a 2006. Duk ɗakin da ake allurar kashe babbar jijiya ya kamata a ce yana da shi a ajiye, kuma mai zuwa tiyata yana da haƙƙin tambaya.

Lissafin ma'auni, inda aka fi yin kuskure

Kashi 1 cikin ɗari na nufin miligiram 10 a kowace mililita, kashi 2 kuwa miligiram 20. Iyakar lidoken maras adirenalin da aka fi koyarwa ita ce miligiram 4.5 a kowane kilo na nauyin jiki, kada a wuce 300 gaba ɗaya. Wasu ƙasashen ma a miligiram 3 suke tsayawa. Da adirenalin ana kaiwa 7 a kowane kilo, kada a wuce 500. Bufibaken kuwa wajen miligiram 2 ne a kowane kilo.

Mutum mai kilo 60, iyakarsa miligiram 270 ce, wato mililita 13.5 na mai kashi 2. Yaro mai kilo 10 kuwa, miligiram 45 ne, wato mililita biyu da kwata kacal. Sirinji ɗaya mai mililita 5 ya ninka masa iyaka. Wannan lissafi ya shafi masu yi wa yara kaciya kai tsaye, domin wurin yana da jini sosai kuma yaran ƙanana ne. A kaciya, maganin da babu adirenalin a cikinsa ake amfani da shi. Ana kuma rage ma'auni ga tsofaffi, da jarirai, da masu ciwon hanta ko raunin zuciya, saboda hanta ce ke narkar da lidoken da bufibaken.

Ƙa'idar hannu kuwa ba ta da wuya: a ja sirinji baya kafin a tura, idan jini ya biyo a canza wuri, a tura kaɗan-kaɗan, a riƙa yi wa mutum magana, domin sauyin maganarsa ne gargaɗi na farko.

Akwai wani kuskure da ke faruwa a ƙananan asibitoci da shagunan magani. Allurar seftiriyazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yi a ɗuwawu, takan zo da 'yar kwalbar lidoken ta narkarwa, domin rage raɗaɗi. Wannan haɗin na tsoka ne kaɗai. Idan ta jijiya za a ba da maganin, da ruwan allura ake narkar da shi. Tura wanda aka haɗa da lidoken cikin jijiya na iya jawo jijjiga ko rikicewar zuciya.

Na shafawa da na fesawa

Ganin ba allura ba ne ya sa ake raina su. Fatar cikin baki, da maƙogwaro, da al'aura, da fatar da ta ƙone ko ta sale, duk suna tsotse magani da sauri. An samu mutanen da suka mutu bayan sun shafe ƙafafu da man lidoken mai ƙarfi suka naɗe da leda kafin cire gashi.

Feshin da ake sayar wa maza a matsayin maganin ƙarfin maza, da yawansa lidoken ne ko benzoken. Ba ya ƙara sha'awa, ba ya ƙara ƙarfi. Rage ji yake yi domin jinkirta kawowa, kuma idan ya yi yawa yakan kashe gaban ma, ya kuma shafi matar idan ba a goge ba.

Benzoken da firiloken suna da wata illa ta daban. Suna iya sauya jan sinadarin jini ya kasa ɗaukar oksijin, sai leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi, jinin ya yi kalar cakulan. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kada a shafa wa yaran da ba su kai shekara biyu ba man benzoken domin fitowar haƙori. Maganin wannan matsala, metilin bulu, yana iya farfasa ƙwayoyin jinin mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare ƙwayoyin jini, kuma wannan ƙarancin gado ne da ya yawaita a Afirka ta Yamma. Ga jaririn da haƙori ke damu, goga masa dasashi da tsaftataccen yatsa ko ba shi abu mai sanyi ya ciza ya fi aminci.

Allurar baya

A nan maganin kaɗan ne ƙwarai, yawanci mililita 2 zuwa 2.5 na bufibaken mai kashi 0.5, ana zuba shi cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyi a ƙasan baya, ƙasa da inda laka ta ƙare. Cikin mintoci ƙafafu za su yi ɗumi, su yi nauyi, su mutu. Saboda jijiyoyin da ke riƙe ƙarfin hanyoyin jini su ma sun kamu, jini yakan sauka, a ji tashin zuciya ko jiri, shi ya sa ake sa ƙarin ruwa ana kuma auna jini a kai a kai. Karkarwar da mata da yawa ke yi a kan gadon tiyata daga saukar ɗumin jiki take, ba zaburar magani ba ce. Wasu kan samu ciwon kai bayan kwana ɗaya ko biyu, mai tsananta in an zauna ya lafa in an kwanta. Ruwan bayan ne ke yoyo ta hudar allura, kuma siririyar allura tana rage aukuwarsa. Ƙafafun sukan dawo cikin awa biyu zuwa huɗu. Idan lokaci ya wuce sosai ba su motsa ba, ko sun dawo sannan suka sake mutuwa, ko ciwon baya mai tsanani ya taso da zazzaɓi, a kira likita a daren, kada a jira zagayen safe.